Abdullahi da Nasara Ƙarami a Gidan Waziri

Ranar 16 ga Maris 1824 wani Bature ya shigo Sakkwato daga gabas, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, ga mahaya kusan 150 da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika su taryo shi su ƙetare da shi dajin Gundumi. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, haifaffen garin Annan a ƙasar Sikotland. Amma a wannan tafiya Abdullahi yake amsawa, da wannan sunan kuma aka san shi tun daga Barno har Hausa. Ba fada aka nufa da shi ba. Gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima aka kai shi, aka ba shi ɗaki, aka sauke kayansa.

Sakkwato a lokacin sabon gari ne. A 1809 Bello ya kafa ta. Shehu Usmanu kansa sai a 1815 ya taso daga Sifawa ya komo cikinta, ya rasu a 1817. Mu mutanen Dingyadi da Boɗinga da Shagari wannan tarihin a ƙofar gida yake gare mu, don Sifawa maƙwabciyarmu ce, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya zauna a Boɗinga. To, shekara bakwai kacal da rasuwar Shehu sai ga Nasara a zauren surukinsa, domin Giɗaɗo shi ne mijin Nana Asma'u.

Wanda ya tashi a zamanin otal zai yi wuya ya gane yadda mutum zai fito daga Tarabulus, ya ratsa Sahara, ya iso nan ba tare da ya biya kuɗin ɗaki ba. Tsarin mai masauki ne ya ɗauke shi. Baƙo ba ya shiga gari haka kawai. Yana zuwa da wasiƙa daga mai masaukinsa na baya, a miƙa shi hannun wani. Wannan shi zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya aiko da akushi safe da yamma, ya shige masa gaba zuwa wurin sarki, in ciniki ne ya nemo masa dillali. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba: mai masauki shi ne idon gari a kan baƙo. Ya san wanda ya shigo wurinsa, ya san abin da ke cikin akwatinsa, in sarki ya tambaya shi zai ba da amsa. Clapperton ya ɗanɗani zaƙin tsarin a zuwansa na farko, ya ɗanɗani ɗacinsa a na biyu.

Su uku suka taso daga Tarabulus a 1822, shi da Dixon Denham da likita Walter Oudney. A watan Fabrairu 1823 suka isa Kukawa, Shehu Laminu Alkanemi ya sauke su. Daga can Clapperton da Oudney suka yo yamma tare da ayarin fatake, Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum a Janairu 1824, saura Abdullahi shi kaɗai. Ranar 20 ga watan ya doshi Kano. Larabawan ayari sun riga sun cika masa kunne da girman birnin, don haka ya buɗe akwati ya ɗauko kayan sarkinsa na sojan ruwa ya caɓa ado, yana zaton gari zai fashe a fito kallo. Shi da hannunsa ya rubuta cewa ko mutum ɗaya bai waiwayo ba, kowa sha'anin gabansa yake yi. Kanawa ke nan, tun ran gini tun ran zane. A kasuwa ya sayi laima koriya ƙirar Ingila a kan dala uku, ya kuma yi mamakin ganin cewa in ka sayi tufa ka tafi da ita wani gari ka tarar da aibi, kana iya maido ta, don sunan dillali yana cikin ƙunshin, kuma dole a biya ka. Mai masaukinsa a Kano wani Balarabe ne ɗan kasuwa, Alhaji Hat Salah, wanda Shehun Barno ya haɗa su da wasiƙa.

Kashegarin isowarsa Sakkwato aka kai shi gaban Bello. Ya same shi zaune kan 'yar darduma tsakanin ginshiƙai biyu, bango an shafe shi da fari da shuɗi, yana sanye da riga shuɗiya da farin rawani, ya ja amawali ya rufe baki. Clapperton ya zube tsaraba, har da bindigogi, amma abin da ya fi ɗaukar hankalin Sarkin Musulmi shi ne tabaron hangen nesa da na'urar nuna alƙibla. Da hira ta yi nisa sai baƙo ya ga ashe jarrabawa ya shigo. Bello ya ambaci ƙungiyoyin Kiristocin dā da sunayensu, ya tambaye shi wacce mutanen Ingila suke bi. Sojan ruwa ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya amsa cewa shi ba malamin addini ba ne. A wannan zaman kuma Bello ya sa aka ɗauko wasu littattafan Turanci. Na Denham ne, ya zubar da su a 1823 lokacin da ya bi wani hari da aka kai wa garin Fulani a ƙasar Mandara aka fatattake su. Littattafan sun biyo hannu zuwa hannu har Sakkwato. Bello ya nemi jin abin da ya kai abokin baƙonsa cikin maharan, ya saurari uzurin, sannan ya mayar da littattafan.

Abinci kullum daga gidan sarki yake zuwa, a cikin farantan kuza masu hatimin Landan. Wata rana ma sai ga nama a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. Mutumin da ya zo da niyyar buɗe wa ƙasarsa kasuwa ya tarar kayan ƙasar tasa sun riga shi zuwa, a kan raƙuman Larabawa.

Tsakaninsa da Giɗaɗo shaƙuwa ta shiga. Ya yabe shi a rubuce, ya ce dattijo ne mai hankali, gwanin Larabci. Yana gidan ne ma ɗan da Waziri ya fi ƙauna, wanda ƙanwar Bello ta haifa masa, ya rasu da ciwon agana bayan har an fara cewa ya samu sauƙi. Masu binciken tarihin Nana Asma'u suna ɗaukar cewa ɗanta ne. Ke nan baƙon ya zauna a gidan da ake zaman makoki, kuma ba a fasa kula da shi ba.

Abu ɗaya aka hana shi. Burinsa ya wuce Yawuri da Nufe ya ga inda kogin Kwara ya dosa, don a lokacin masanan Turai gardama suke yi, wasu na cewa cikin tafkin Cadi yake ƙarewa, wasu na cewa da kogin Nilu yake haɗuwa. Da farko Bello ya nuna kamar zai yarda, daga baya ya ce hanya ba lafiya, kuma ba zai bari baƙonsa ya halaka a hannunsa ba. Clapperton ya zargi Larabawan gari da yi masa zagon ƙasa don kada Ingila ta ƙwace musu ciniki. Duka biyun na iya zama gaskiya. Bello ya sa aka zana masa taswira, ya ba shi wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kuma rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa cewa a aiko da ƙaramin jakada da likita. Daren sallama ya karanta Fatiha, ya yi masa addu'ar sauka lafiya da dawowa da wuri. Ranar 4 ga Mayu Abdullahi ya bar Sakkwato.

Ya dawo da wuri kuwa. Yuni 1825 ya isa Ingila, Agusta ya sake shiga jirgin ruwa. Wannan karon ta kudu ya biyo, kuma da yaronsa, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Richard Lander, wanda ubansa gidan saukar baƙi yake riƙe da shi a garin Truro. Gajere ne, don haka a ƙasar Hausa aka laƙaba masa Nasara Ƙarami. Akwai kuma tafintansu, wani Bagobiri mai suna Abubakar wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi bawa an sayar a bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ke ɗauke da shi, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, yanzu ga shi zai koma gida a matsayin bakin Turawa.

Sun tashi daga Badagiri ranar 7 ga Disamba 1825. Kafin watan ya ƙare, manyan abokan tafiyar biyu, Kyaftin Pearce da likita Morison, sun mutu da zazzaɓi. Garuruwan Yarbawa suka riƙa miƙa sauran daga wannan sarki zuwa wancan, ana ba su doya da awaki da 'yan dako, har tsohon birnin Oyo, inda Alafin ya riƙe su mako shida. Daga nan suka shiga Bargu.

A garin Wawa ne suka gamu da karamcin da ya fi ƙarfinsu. Akwai wata bazawara mai suna Zuma, 'yar wani Balarabe, attajira, an ce bayinta sun kai dubu. Ta ƙudura a ranta farin mutum za ta aura. Ta fara da Nasara Ƙarami, kullum ga kwanon girki, yaro ya rasa inda zai sa kansa. Da ta ga ba ya motsi sai ta koma kan maigidan, har ta yi wa Pasko kyautar mata don ya shige mata gaba. Clapperton ya je gaishe ta ya tarar ta sha lalle hannu da ƙafa, gashi ya sha shuni, murjani da zinariya sun cika wuya. Ta sa aka baje masa dukiyarta ya gani, ta ce ba wani jan lokaci, a kira malam ya shafa Fatiha. Bature ya nemi hanyar ƙofa. Da ya tafi Busa ya ga inda Mungo Park ya halaka a 1806, sai Zuma ta hau doki, da makaɗi a gaba da 'yan baka a baya, ta bi sawunsa. Sarkin Wawa, wanda dama akwai 'yar tsama tsakaninsa da ita kan sarauta, ya ce wannan shirin tawaye ne, za ta dawo da Nasara su tumɓuke shi. Ya riƙe kayan baƙi, ya ce ba inda za su sai bazawara ta dawo. Dole Clapperton ya juyo Wawa ya yi ta rantse-rantse. Zuma ta dawo cikin jan alkyabba da jan takalmi, ta sauka ta faɗi gaban sarki ta sha faɗa, sannan aka saki kaya.

Suka ƙetare Kwara, suka bi ta Nufe da Zazzau, suka isa Kano ranar 20 ga Yuli 1826. Lander ya tsaya can da kaya, Clapperton ya yi gaba. A hanya ya haɗu da Giɗaɗo, aka yi murnar ganin juna, suka wuce sansanin Bello, wanda yake yaƙi da Gobirawa. Ya ga an kai wa birninsu hari an kasa shiga. Abin da ya fi tsaya masa a rai ran nan wata tsohuwa ce Bazamfara a kan wani ramammen doki, ta rataya goruna, tana ratsa fagen fama tana shayar da masu rauni. Shi ma ta ba shi ya sha.

Amma ƙasar da ya bari a 1824 ba ita ya tarar ba. Barno da Sakkwato sun ɓata, Shehu Laminu ya ɗaura yaƙi ya doso ƙasar Kano. Ga kuma baƙo ɗauke da wasiƙar gwamnatin Ingila da tsaraba, har da makamai, zai kai wa Shehun Barno. Bello ya aika Kano aka zo da Lander da kayan gaba ɗaya ba da sanin maigidansa ba, sai ganinsa ya yi a Sakkwato ana gab da ƙarshen Disamba. Aka ce ya fito da wasiƙar. Ya ce amana ce, ba zai bayar ba. Aka karɓa, aka haɗa da makaman. Wanda aka ɗora wa wannan aiki mai nauyi kuwa shi ne mai masaukinsa. Clapperton ya fusata, ya dubi Giɗaɗo ya ce abin da suka yi ba shi da maraba da fashi. Mutanen da ke wurin suka ja masa kunne cewa irin wannan magana tana iya cin kan mutum. Waziri ya haɗiye, ba a taɓa baƙo ba, ba a kore shi daga gida ba, akushi bai daina zuwa ba.

A cikin wannan rikicin ne aka faɗa masa maganar da ke yawo a fada: an ce Turawan Ingila haka suke, su zo ɗaya bayan ɗaya da sunan baƙunta, in sun yi ƙarfi su ƙwace ƙasa, kamar yadda suka yi wa Indiya. Ya musa iyakar ƙarfinsa.

Hanyar Barno ta toshe, ta Kwara ba izini. Ya zauna yana jira, yana ɗan fita farauta wajen Magariya inda Bello ke zama. A wata fitar ya gaji ya kwanta a ƙasa mai danshi, shi kansa daga baya ya ce daga nan ciwon ya samo asali. Ranar 12 ga Maris 1827 atuni ya kwantar da shi. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ya san abin da ake nufi da jinya a ɗaki a watan Maris da Afrilu. Lander shi ne mai wanki, shi ne mai fifita, shi ne mai juya shi a shimfiɗa. Pasko, wanda ya sha guduwa da kayansu ana kamo shi, har ya yi aure a gari ya rabu da su, ya dawo ya karɓi girki. Ranar 13 ga Afrilu, tsakiyar watan azumi, Abdullahi ya cika a hannun yaronsa, yana da shekara 38.

Bello ya ba da izinin a binne shi bisa addininsa, ya aiko da mutum huɗu su haƙa kabari. Aka ɗora gawar a kan raƙumi, aka lulluɓe ta da tutar Ingila, aka kai wani ƙauye mai tazarar mil biyar daga birni. Lander shi kaɗai ya karanta addu'ar Kiristoci, yana yi yana kuka, masu haƙa suna gefe suna gardamarsu. Ya biya aka gina 'yar bukka a kan kabarin, ya koma masauki shi ma ya kwanta ciwo.

Yana kwance Waziri ya zo da umarnin sarki a bincika akwatuna, don an ce cike suke da zinariya. Ba a samu abin da ake zato ba. Aka ɗauki sauran makamai da wasu kaya, aka rubuta masa takarda ya karɓi kuɗinsu wuri a Kano wurin Hat Salah, aka sallame shi. Ya fita ranar 4 ga Mayu 1827, daidai ranar da maigidansa ya fita shekara uku baya. Ya yi ƙoƙarin yankewa kudu ya bi kogin, mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka juyo da shi. Sai ya koma kan tsohuwar hanya, yana sauka gidajen da suka sauka da zuwa, kowane mai masauki yana tambayar ina Abdullahi, ana yi masa ta'aziyya, ana ƙara masa guzuri. Abin mamaki, inda ya fi kusa da mutuwa shi ne inda ya tarar da 'yan uwansa farare. A Badagiri, Turawan Fotugal masu fataucin bayi suka kai sararsa cewa ɗan leƙen asiri ne, aka tilasta masa shan gubar rantsuwa a bainar jama'a. Ya shanye, ya ruga masauki ya sha maganin amai, ya tsira. A ƙarshen Afrilu 1828 ya isa Ingila da takardun maigidansa, aka buga su a 1829. A 1830 ya dawo da ƙanensa John, Pasko na tare da su, suka shiga kwalekwale a Busa suka bi Kwara har ta kai su teku. Gardamar masana ta ƙare a hannun yaron da aka ɗauko don ya riƙa goge takalmi.

Marubutan Ingila na wancan zamani sun ɗora wa Bello laifi, suka ce ya ci amanar baƙo, baƙin ciki ne ya kashe Clapperton. Ni dai ban ga sarkin da ake yaƙi da shi, a Turai ko a ko'ina, da zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da makamai ya kai wa abokin gaba ba. Abin da Clapperton ya kasa ganewa shi ne Giɗaɗo mai masaukinsa ne, amma kafin nan Wazirin Sarkin Musulmi ne, kuma ya sauke haƙƙin biyun gwargwadon yadda za su sauku tare. Maganar Indiya kuwa, da ya ɗauka ƙage ne na Larabawa masu kishin kasuwa, lokaci ya yi mata hukunci. Ranar 15 ga Maris 1903, saura kwana ɗaya a cika shekara 79 da shigowarsa, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Wanda ya tsaya da sauran jama'a, nauyin yin magana da Nasara ya faɗo a kansa, shi ne Waziri Buhari, jikan Giɗaɗo.

Duk da haka gidan bai rufe ƙofa ba. A farkon shekarun 1960 wani saurayi ɗan Ingila, Murray Last, ya zo Sakkwato neman tarihin daular, ya zauna a hannun Waziri Junaidu ɗan Buhari, aka buɗe masa littattafai da wasiƙun gidan. Da su ya rubuta littafinsa kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967, kuma kaso mai yawa na littafin tarihin gidan Waziri ne.